Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya tanƙwara azara

Wanda ya taso daga Tudun Wada ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, idan ya miƙe har ƙofar fada, ya iso wurin da magini mafi shahara a ƙasar Hausa ya yi aikinsa mafi girma. Sunansa Muhammadu Durugu, wasu ruwayoyi na kiransa Malam Mika'ilu, amma laƙabin Babban Gwani ya danne sunayen biyu, har wata unguwa a cikin birni take amsa shi.

Ya yi tashe a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma a lokacin ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Kayan aikinsa ba su wuce na kowane magini ba: ƙasa, tubali, igiya da azara. Gwanintarsa tana wajen sanin iyakar kowannensu.

Azara daga gangar giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta, sai dai tana da rauni guda. Idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, tazarar da za ta ɗauka ba ta wuce kamar mita 2 ba, daga nan sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci. Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce ta, a ƙara wata, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Ba Durugu ne ya ƙago wannan dabara ba, amma babu wanda ya kai ta inda ya kai ta. A masallacin Zariya bakunan suna tasowa daga manyan ginshiƙai, su tsallaka juna, su ɗauki tulluwar rufin, kuma an yi wa ginshiƙan zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya.

Saura ruwan sama, babban abokin gabar ginin ƙasa. Maginan zamaninsa suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma su yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga rijiyoyin marina. Abin da marini ya zubar, shi magini yake nema. Amma irin wannan kariya ta 'yan shekaru ce, dole a riƙa sabunta ta.

Sunansa ya wuce Zazzau. A Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai soron da ya gina wajen 1860, wanda a 1956 ya zama ginin farko da Nijeriya ta sa cikin jerin kayan tarihinta na ƙasa. Game da ƙarshensa, labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wani Sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Ana ba da irin wannan labari a kan manyan magina a ƙasashe da dama, ya kuma nuna yadda ake kishin aikin hannunsa.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashensa ya rufta, aƙalla masallata 7 suka rasu. Tun kafin a yi masa ginin siminti, masanin gine-gine Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya auna masallacin ya zana shi, kuma an gina kwafinsa da ƙasa da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.