Sima Qian: Mutumin da ya haɗiye wulaƙanci don ya cika wasiyyar mahaifinsa

Jama'a, a wannan makon zan ɗauke mu daga Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, mu leƙa ƙasar Sin ta sama da shekara 2,000 da suka wuce. Dalili kuwa wani littafi ne da na tsinta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Fassarar Ingilishi ce ta tarihin sarakunan Sin da fadawansu, wadda wani Ba'amurke mai suna Burton Watson ya yi. Na saya don in rage dare, sai ga shi labarin wanda ya rubuta asalin littafin ya fi labarin sarakunan tsaya mini a rai. Sunansa Sima Qian, ana furta shi kamar Sima Ciyan.

An haife shi wajen shekara ta 145 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Longmen kusa da Rawayen Kogi, cikin lardin da yau ake kira Shaanxi. Mahaifinsa, Sima Tan, ma'aikaci ne a fadar Sarki Wu na daular Han. Aikinsa lura da taurari, tsara kalanda, da adana kundayen fada. Muƙami ne mara tsoka, amma yana ba mutum damar shiga taskar littattafan sarki. A nan uban ya ƙudura niyyar tattara tarihin ƙasarsu tun daga farko.

Da Sima Qian ya kai shekara 20, sai ya shiga yawon ƙasa. Ya gangara kudu har Kogin Yangtze, ya je Qufu, mahaifar malamin nan Confucius, ya ziyarci tsofaffin filayen yaƙi da kaburburan manya. Duk inda ya sauka sai ya nemi dattawan gari ya ji abin da suka gada daga bakin kakanninsu, daga baya ya gwada shi da abin da ke rubuce. Bayan ya dawo ya samu aiki a fada, har aka tura shi kudu maso yammacin ƙasar da saƙon sarki.

A shekara ta 110 Sarki Wu ya tashi zuwa Dutsen Tai don wani gagarumin bikin sarauta. Sima Tan bai samu kaiwa ba, ciwo ya kwantar da shi a wajen Luoyang. Ɗan ya dawo daga tafiya ya tarar da shi a gargara. Tsohon ya riƙe hannunsa yana kuka, ya bar masa wasiyyar ya ƙarasa tarihin da ya fara, kada sunayen mutanen kirki su ɓace a hannun zuriyarsu. Ɗan ya amsa. Bayan shekara 3 ya gaji kujerar uban, a shekara ta 104 kuma ya shiga cikin waɗanda suka gyara kalandar daular. Rubutu ya kankama, komai na tafiya daidai.

To, sai ƙaddara ta faɗo a shekara ta 99. A lokacin daular Han na fama da Xiongnu, wasu makiyaya mahaya dawaki da ke arewacinta. Wani sarkin yaƙi mai suna Li Ling ya kutsa ƙasarsu da dakarun ƙasa 5,000. Abokan gaba masu ninkinsu sau da yawa suka yi musu zobe. Suka yi ta gwabzawa har kibansu suka ƙare, agaji bai zo ba, daga ƙarshe Li Ling ya miƙa wuya. Da labari ya iso fada sarki ya fusata, fadawan da jiya-jiya suke yabon Li Ling suka koma tsine masa. Ka san halin fada, inda iska ta kaɗa nan ake karkata.

Sarki ya tambayi Sima Qian ra'ayinsa. Shi da Li Ling ba abokai ba ne, sanin aiki kawai ke tsakaninsu. Amma ya faɗi abin da ya gani: mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi wa abokan gaba ɓarna mai yawa, kuma mai yiwuwa ya miƙa wuya ne don ya samu wata damar yi wa ƙasarsa aiki. Matsalar ita ce babban kwamandan yaƙin, Li Guangli, ɗan'uwan wata mata ce da sarki ya fi ƙauna, kuma shi ma bai taɓuka abin kirki ba. Sarki ya ɗauka gugar zana ake yi wa surukinsa. Aka jefa Sima Qian kurkuku, aka yanke masa hukuncin kisa.

A dokar lokacin, mutum na iya fansar kansa da kuɗi masu yawa, ko kuma ya yarda a yi masa dandaƙa. Sima Qian ba shi da kuɗin, kuma babu aboki ko ɗaya da ya buɗe baki ko ya buɗe jaka dominsa. A al'adarsu, mai daraja irinsa kashe kansa yake yi kafin a kai shi ga wannan tozarci, kuma mutane su yaba masa. Shi kuwa ya zaɓi a mayar da shi baba, ya rayu cikin kunya, saboda littafin bai kammala ba.

Wallahi a nan na ajiye littafin na yi shiru. Mu da muka san darajar mutunci, mun san abin da ake nufi a ce namiji ya fita kasuwa kowa ya san abin da aka yi masa. Daga baya ya rubuta wa wani abokinsa, Ren An, doguwar wasiƙa inda ya bayyana yadda kunyar ke cinsa dare da rana, da yadda yake jin nauyin zuwa kabarin iyayensa. Ya nuna cewa ba tsoron mutuwa ne ya hana shi ba. Abin da ya tsorata shi ne ya mutu aikin ya mutu tare da shi. Bayan ya fito, sarkin nan dai ya ba shi muƙamin magatakarda a cikin gida, aikin da babanni ke riƙewa. Da rana yana hidimar wanda ya nakasa shi, sauran lokacinsa yana rubutu.

Littafin da ya bari ana kiransa Shiji. Babi 130 ne, haruffan Sinanci sama da 520,000, a zamanin da ake rubutu kan tsagin gora ana ɗaure su da zare. Ya kasa shi gida 5: babi 12 na sarakuna, 10 na jadawalin shekaru, 8 kan al'amura irin su kalanda da kiɗa da magudanan ruwa da tattalin arziki, 30 na manyan gidajen sarauta, sai 70 na tarihin rayuwar mutane.

Wannan kashi na ƙarshe ya fi burge ni. Bai tsaya kan waziri da sarkin yaƙi ba. Akwai babin 'yan kasuwa da yadda suka tara dukiya da gishiri da ƙarfe da kiwo, akwai na wawayen sarki masu faɗa wa sarki gaskiya cikin raha, akwai na azzaluman ma'aikata, akwai na baƙin ƙabilu har da Xiongnu ɗin. Chen She, ɗan ƙodagon da ya tayar wa daular Qin bore, ya sa shi a sahun manyan gidaje. Hatta Liu Bang, wanda ya kafa daular da yake wa aiki, bai rufa masa asiri ba: ya kawo yadda ya riƙa tunkuɗo 'ya'yansa daga keken doki lokacin da yake gudun ceton rai. A ƙarshen babi yakan sa nasa sharhin daban, don mai karatu ya bambance labari da ra'ayi.

Ya rasu wajen shekara ta 86. Jikansa ta wajen 'yarsa, Yang Yun, shi ya fito da littafin fili daga baya. Tsarinsa ya zama abin koyi ga jerin tarihohin dauloli 24 na ƙasar Sin. Wani abin mamaki, da aka gano tsofaffin ƙasusuwa masu rubutu na yankin Anyang daga 1899, sai aka ga sunayen sarakunan daular Shang da ke jikinsu sun yi daidai da mafi yawan jerin da ya kawo, alhali kusan shekara 1,000 ke tsakaninsa da ƙarshen daular.

Yadda ya iso hannun irinmu kuwa aikin masu fassara ne. Wani Bafaranshe, Édouard Chavannes, ya fassara babi 47 na farko tsakanin 1895 da 1905. Watson ya fitar da tasa ta Ingilishi a 1961, mai sauƙin karantawa, ya fi mayar da hankali kan zamanin Han, aka sabunta ta a 1993. Daga 1994 William Nienhauser da abokan aikinsa suka fara fitar da wata mai cike da bayanai don masu bincike. Mai son labari ya nemi ta Watson.

Abin da ya dame ni bayan na gama shi ne namu. Tarihin Kano ma da yawanmu a fassarar Palmer ta 1908 muka fara ganinsa. Nan kudu kuwa, wa ya rubuta yadda kakanninmu fataken goro da shanu suka kafa zangonnin da muke zaune ciki? Wa ya jera sunayen sarakunan Hausawan unguwarku, da limamai, da masu masaukin da suka riƙe baƙi? Yawanci yana bakin dattawa ne, kuma kullum raguwa suke. Sima Qian da tambayar tsofaffi ya fara, mu kuma ga waya mai naɗar murya a aljihun kowa. Ni dai na yi niyyar zama da wani dattijon unguwarmu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Allah Ya ba mu iko, Ya jiƙan magabatanmu.