Agner Erlang, malamin lissafin da ya tsara layin jira a wayar tarho

Duk ɗan Damagaram da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ya san wahalar kiran gida ranar Sallah: murya na tsinkewa, hoto na daskarewa, saboda jama'a sun yi wa layi yawa a lokaci guda. Tambayar wa zai wuce da wa zai jira ta girmi intanet, kuma wanda ya fara warware ta da lissafi shi ne Agner Krarup Erlang, mutumin ƙasar Denmak.

An haife shi ranar 1 ga Janairun 1878 a ƙauyen Lonborg, inda mahaifinsa ke koyarwa a makaranta. Yana ɗan shekara 14 ya ci jarrabawar share fage ta Jami'ar Kopenhagen, bayan an ba shi izini na musamman saboda ƙarancin shekarunsa. Ya kammala karatun lissafi a 1901, ya yi shekaru yana koyarwa, sannan a 1908 kamfanin tarho na birnin Kopenhagen ya ɗauke shi aiki.

Matsalar kamfanin ita ce yawan layukan da ya kamata ya shimfiɗa. In sun yi kaɗan, masu kira su rasa hanya. In sun yi yawa, kuɗi ya salwanta a kan wayoyin da ba kowa a kansu. A 1909 Erlang ya nuna cewa ko da yake kowa na kira ne lokacin da ya ga dama, jimillar kiran na bin wata ƙa'ida da za a iya lissafawa. A 1917 ya fitar da lissafin da ke nuna kira nawa zai faɗi da kuma tsawon jira.

Misali, idan unguwa na samar da kira iri-iri da jimillarsu ta kai awa ɗaya a kowace awa, layi ɗaya zai mayar da rabin masu kira. Layi biyu zai mayar da ɗaya cikin biyar, layi uku kuwa ɗaya cikin 16. Hukumar gidan waya ta Ingila na cikin waɗanda suka karɓi lissafin.

Erlang bai yi aure ba. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairun 1929 bayan tiyata a ciki, yana da shekara 51. A 1946 aka sanya sunansa ga ma'aunin cunkoson tarho na duniya. Daga baya kamfanin Ericsson ya kira wani harshen kwamfuta Erlang, kuma da shi aka gina injinan da ke isar da saƙonnin WhatsApp.

A yau kamfanonin intanet na yayyanka bayanai ƙanana-ƙanana su jera su a layi. Sau da yawa murya ke wucewa gaba, domin jinkiri kaɗan na lalata hira, yayin da mai sauke fim zai iya haƙuri. Sai dai ikon da ke fifita murya zai iya rage gudun wani shafi ko ya toshe shi. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2015 da ke hana kamfanoni nuna son kai tsakanin shafuka. Lissafin Erlang na faɗin tsawon layi, amma zaɓen wanda zai tsaya a gaba yana hannun kamfanoni da hukumomin sadarwa, a Nijar kamar ko'ina.