Labarin Carl Meinhof, Malamin Jamus

Mu a nan Zuru, da mu ke jin Hausa da Fillanci kullum a kasuwa, kaɗan ne cikinmu suka san Carl Meinhof, alhali kuwa ya taɓa yanke wa harsunan nan hukunci. An haife shi a Jamus cikin 1857. Da fari limamin Kirista ne a ƙauye, yana nazarin harsunan Afirka, har aka ɗauke shi koyarwa a Balin, daga baya a Hambug cikin 1909. Aikinsa kan harsunan Bantu ingantacce ne, wannan ba mu musa ba.

Amma cikin 1912 ya fid da littafi, ya haɗa Hausa da Fillanci da Masai a dangi guda, wai harsunan zuriyar Hamu, makiyaya masu hasken fata, waɗanda a ganinsa sun fi baƙar fata daraja. Watau launin jiki da shanu ya ɗora a ma'auni tare da kalmomi. To, mai irin wannan ra'ayi bai yi wuyar jawowa ba. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933, tsohon nan, yana da shekara 75, ya shiga jam'iyyar Nazi. Cikin Nuwamba kuma ya sa hannu a takardar mubaya'ar malaman jami'o'i, shekarar da aka shiga korar 'yan'uwansu malamai Yahudawa. Ya mutu cikin 1944.

Wanda ya rushe rabon nasa shi ne Joseph Greenberg, Bayahuden Amurka da ya yi bincike cikin Maguzawan Kano, ya mai da Fillanci wurin danginsa Wolof. Duk da haka masana ba su daina kiran wata ƙa'idar Bantu da sunan Meinhof ba.