Nana Asma'u, ɗiyar Shehu

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekara ta 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin ƙasarmu ta Nijar. Tana ƴar yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa, amma ba ta bar karatu ba.

Da ta girma sai ta auri Giɗaɗo, wazirin Sakkwato. Ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa.

A zamanin nan matan ƙauye da yawa ba su jin Larabci ko Fulatanci. To, ta yaya ilimi zai kai gare su? Sai Nana ta shiga fassara. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa.

Ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa. Jaji takan hardace waƙoƙin, ta koma ƙauye ta koya wa sauran mata. Ana kiran ɗalibansu ƴan taru.

Nana ta rasu a 1864. Kabarinta yana Sakkwato, kusa da na mahaifinta.

Ku ma yara, harshe biyu kuke koyo. Abin da kuka karanta da Faransanci, ku gaya wa iyayenku da Hausa.