Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Lissafi

Mu 'yan kasuwa da muke kwana da lissafi muna tashi da shi, mu nawa ne muka san Malam Muhammadu Al-Katsinawi? Bafulatani ne ɗan ƙasar Katsina, tun zamanin da Tasawa da Maraɗi suke ƙarƙashinta. Ya je hajji, ya zarce Masar, ya sauka gidan Shehu Hasan Al-Jabarti.

A 1732 ya rubuta littafin Larabci kan hatimi, wato jera lambobi, misali 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi, tsaye, kwance ko karkace, ya ba da 15. Malam bai yi lalube ba, ƙa'ida ya shimfiɗa daki-daki, irin wadda injiniyoyi suke ɗora wa kwamfuta yau. Ya rasu a Alƙahira a 1741, littattafansa suka rage can.