Edgar Codd: Matuƙin jirgin yaƙin da ya sauya yadda ake adana bayanai a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da sakataren ƙungiyar manoma a Funtua ko Malumfashi lokacin rabon taki ya san wannan matsalar. Manomi ɗaya ne, amma a wani shafi an rubuta shi Muhammadu, a wani Mamman, a na uku kuma tsohuwar lambar wayarsa ce. Idan kaka ta yi aka zo karɓar bashi sai gardama ta tashi: mutum ɗaya ne ko biyu, kuma buhu nawa ya karɓa?

Irin wannan ruɗanin ne ya addabi bankuna da manyan kamfanoni a shekarun 1960, sai dai su a cikin kwamfuta. Wanda ya samo bakin zaren shi ne wani Baturen Ingila masanin lissafi, Edgar Frank Codd.

An haife shi ranar 19 ga Agustan 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Ya karanta lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, ya kuma tuƙa jirgin sama a rundunar sojin saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 ya koma Amurka, inda ya kama aiki da kamfanin IBM.

Tun a lokacin an ga cewa mutum ne mai kafiya. A 1953 ya tattara ya koma Kanada saboda ɓacin rai da yadda Sanata Joseph McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin gurguzu. Daga baya ya dawo, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965, sannan ya koma cibiyar binciken IBM da ke San Jose.

A can ya tarar ana jera bayanai tamkar rassan bishiya. Da littafin ƙungiyar manoma ne, sai ka fara shiga ta ƙauye, daga nan ka gangara kan manomi, sannan ka isa ga bashinsa. Wanda ya so sanin duk waɗanda suka karɓi takin yuriya a dukkan ƙauyuka, sai an nemo gwani ya rubuta masa sabon umarni. In kuwa aka taɓa tsarin ajiyar, tsofaffin manhajoji su daina aiki.

A watan Yunin 1970 Codd ya wallafa maƙalar da ta zama tushen sauyin, a mujallar Communications of the ACM. Shawararsa ita ce a zuba komai a jadawali mai layuka da ginshiƙai. Manoma su samu jadawalinsu, kowa da lambar da ba ya tarayya da wani a kanta. Kayan da ake rabawa, kamar NPK da yuriya da irin masara, su samu nasu. Jadawali na uku shi ne na bashi, wanda ba ya ɗauke da suna ko ƙauye, sai lambar manomi da ta kaya da yawan buhuna da rana.

Amfanin a fili yake. Kowane bayani sau ɗaya ake rubuta shi, don haka idan manomi ya sauya waya wuri ɗaya za a gyara. Mai tambaya kuma abin da yake nema kawai zai faɗa, aikin manhaja ne ta san inda za ta lalubo shi.

Yau abin kamar kowa ma zai iya tunaninsa, amma IBM bai yi rawar jiki ba. Kamfanin yana da manhajarsa mai suna IMS da ke kawo kuɗi, kuma masana da dama na ganin tsarin Codd zai yi wa kwamfutocin zamanin nauyi. A 1974 har muhawara aka yi a bainar jama'a tsakaninsa da Charles Bachman, jagoran masu wani tsarin na daban. Da Codd ya ga ana jan ƙafa, sai ya riƙa yi wa abokan cinikin IBM bayani kai tsaye, su kuma suka matsa wa kamfanin.

IBM ya kafa aikin gwaji mai suna System R, amma ba a ba Codd ragamarsa ba. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka tsara harshen tambayar da ya zama SQL. Kafin IBM ya kai kayansa kasuwa, wani ƙaramin kamfani na Larry Ellison ya riga shi da Oracle a 1979. Sai a 1981 IBM ya fito da SQL/DS, sannan DB2 a 1983. Ellison ya shiga sahun manyan attajiran duniya. Codd kuwa lambar yabo ta Turing ya samu a 1981, wadda ita ce mafi girma a fagen ilimin kwamfuta.

Nasarar ta zo da nata ciwon kan. Da kasuwa ta buɗe, kowane kamfani sai ya liƙa wa tsohuwar manhajarsa sunan sabon tsarin, kamar mai zuba tsohon hatsi a sabon buhu. A watan Oktoban 1985 Codd ya wallafa ƙa'idoji a mujallar Computerworld don mai saye ya auna kaya kafin ya biya. Ana ce musu ƙa'idoji 12, ko da yake 13 ne, domin daga sifili ya fara ƙirga.

Wasu cikinsu har yanzu suna da amfani ga ɗan kasuwar hatsi a Dandume ko ƙungiyar manoman auduga da wani ya kawo wa tallan manhaja. Shin ana iya isa ga kowane bayani ta sunan jadawali da lambar shaida da sunan ginshiƙi? Shin manhajar tana bambanta manomin da bai karɓi ko buhu ɗaya ba da wanda ba a riga an rubuta nasa ba? Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin wajen biyan bashi sifili daban, rashin sani daban. Akwai kuma sharaɗin cewa dokar da ke hana shigar da bashi da lambar da babu mai ita ta zauna a cikin rumbun bayanan kansa, kada a dogara da kulawar mai shigarwa. A nan ne Excel, da mutane da yawa ke farawa da shi, yakan gaza idan mambobi suka yi yawa.

Ƙa'idojin sun yi tsauri har DB2 na IBM bai cika su duka ba. Shi kansa SQL bai gamsar da Codd ba, musamman yadda yake barin layi ɗaya ya maimaitu a jadawali. Kasuwa ba ta saurare shi a kan wannan ba, kuma za a iya cewa ya cika neman kamala. Ya bar IBM a tsakiyar shekarun 1980, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda daga baya ya aura.

Manhajojin MySQL da PostgreSQL, da ake samu kyauta, a kan tunaninsa aka gina su. Haka ma SQLite, da ke cikin kowace wayar Android da iPhone.

Codd ya mutu ranar 18 ga Afrilun 2003 a jihar Florida sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. A 2004 ƙungiyar masana rumbun bayanai ta SIGMOD ta sa wa babbar lambar yabonta sunansa.