Muhammadu al-Kashnawi: Bakatsinen da ya damƙa littattafansa ga mai masaukinsa a Alƙahira

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani malami ɗan ƙasar Katsina ya rasu a Alƙahira, a gidan da ba nasa ba. Kafin ya cika, ya naɗa mai gidan, Shehu Hasan al-Jabarti, ya zama wasiyyi a kan abin da ya bari da kuma littattafansa. Sunan malamin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani, amma duniyar ilimi ta fi saninsa da al-Kashnawi, wato Bakatsine. Ya bar duniya shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Tun yana almajiri aka shaide shi da naci a kan littafi. Ya lazimci wani malami da ake kira Muhammadu Fudu na kimanin shekara huɗu, yana tare da shi a gida, yana bin sa in tafiya ta kama, a hannunsa kuma ya karance mafi yawan littattafan adabi. Maƙamatul Hariri, wadda har gobe take sa ɗaliban zaure gumi saboda tsaurin lugga, shi haddace ta ya yi, har ta kai in an ambaci kalma guda daga cikinta, nan take sai ya kawo abin da ya gabace ta. Malamin ya laƙaba masa sunan mai Maƙamat. Da ya ga yaron ya nuna a nahawu da sarfu, sai ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. A wajen Muhammadu al-Wali na Bagarmi ya ƙara karatu, a wajen Shehu Muhammadu Bindu kuma ya ɗauki hisabi da sanin lokuta da ilimin haruffa da hatimi, haɗe da manɗiƙi da Buhari da kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil.

Da ya tashi tafiya gabas, ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai. Ya yi aikin Hajji a 1142 ta Hijira, wajen 1730, ya zauna a Makka, a can kuma ya fara rubuta babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai. A Alƙahira ya kammala shi, cikin watan Rajab na 1146. Ya kuma rubuta Bahjatul Afaƙ kan haruffa da hatimi, da wani littafi kan nahawu, da waƙe kan manɗiƙi wanda ya yi masa sharhi da kansa.

Hatimin da Bahaushe ya saba gani a allo ko a cikin laya, lissafi ne zalla a ƙarƙashinsa. A mafi ƙanƙantarsa, gida tara ne, ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Al-Kashnawi ya shimfiɗa ƙa'idojin gina irin wannan hatimi komai girmansa, matuƙar gidajen kowane layi mara ne. Akwai malaman da ba su aminta da wannan fanni ba, kuma suna da hujjojinsu, sai dai masana tarihin lissafi ta nan suka san shi. Marigayi Dakta Hassan Gwarzo ya yi nazari a kansa tun a 1967, Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky kuma ta kawo hanyoyinsa a littafinta na 1973 kan lissafi a Afirka.

A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar. Hasan al-Jabarti, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Jabarti a gabashin Afirka, malamin fiƙihun Hanafiyya ne kuma gwanin ilimin falaki, duk da haka ya durƙusa gaban baƙon ya koyi hatimi. Daga ɗalibta aka koma aminci, har baƙo ya ƙare kwanakinsa a gidansa.

Zaɓen wannan mutum a matsayin wasiyyi abin a tsaya a kai ne. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gadon malami, a Katsina ne ko a Nasarawa Gwom ta Jos, ya san littafi shi ne marayan kaya: a raba mujalladi ɗaya ga wannan, ɗaya ga wancan, saura a ɗaure a buhu har gara ta gama da su. To, ina ga wanda ya mutu nesa da gida, a zamanin da kowane littafi da hannu ake kwafarsa? Shi kuwa Hasan al-Jabarti an san shi da sayen littattafai masu tsada, an kuma fi saninsa da sakin hannu wajen ba da aro. Ya ware wuri a gidansa ya jera littattafan da malamai da ɗaliban Azhar suka fi buƙata, kowa ya shigo ya ɗauka ba sai ya nemi izini ba. Wani ya mayar, wani ya yi tafiya da shi, wani ya dawo da shi ganyaye sun zube, mai gida bai fasa ba. Da wuya a ce Bakatsinen bai lura da wannan hali ba lokacin da yake tunanin hannun da zai bar wa abin da ya kwashe rayuwarsa yana tarawa.

Ad-Durrul Manzum ya yi ta yawo a hannun masu kwafa har aka buga shi a Alƙahira a 1961, akwai kuma kwafin rubutun hannu na aikinsa kan hatimi a Landan. Labarin rayuwarsa ma daga wannan gida ya fito. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa shi cikin littafinsa Aja'ibul Asar, da malamansa da laƙubbansa da jerin abin da ya wallafa. A can ne ya bayyana cewa mahaifinsa ya binne malamin a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya yi gini a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.